Gwajin Haske

Talata, 5 ga azumi, da hantsi

Littafin nan na saye shi ne don rubuta ranakun masu biki. Tunda babu biki, bari in riƙa rubuta kaina a ciki.

Ni Hamidu mai hoto, shekara goma sha tara ina ɗaukar mutanen Gusau, amma ita Gusau ɗin ban taɓa ɗaukarta ba sai yau. Ashe ban san ta ba. Na fito a babur rana na ɗagowa, da tsohon katin wata jarida da ta daɗe da mutuwa rataye a wuyana saboda masu tsaron shinge, na tsaya a shataletalen Lalan, wurin da kullum sai mutum ya yi addu'a kafin ya tsallaka. Yau a tsakiyar kwalta na kafa kyamara. Na gyara, na sake gyarawa, babu wanda ya yi min oda, babu ɗan acaɓan da ya zage ni. Har kukan kurciya na ji, a Lalan. Tsoro ya ɗan kama ni, tare da wani abu irin wanda nake ji in liman ya yi kabbara sahu ya yi tsit.

Matata Jamila ce ta sa ni wannan aiki. Yau kwananta goma sha ɗaya ba ta kwana gida ba, tun da aka sa ta cikin ma'aikatan jinyar da ke kula da waɗanda aka killace saboda cutar nan ta korona. Ba sa fitowa, mu ma ba ma shiga. Jiya a waya ta ce kallon bango ya ishe ta, in ina da sauran amfani a duniya in riƙa tura mata hoton gari ɗaya kullum. Haka take yi min magana shekara goma sha biyu, kuma ban taɓa kai ƙara ba.

Na tura. Ta amsa: "Haba Mai hoto, wanga ba Lalan ba na."

Haske ya yi kyau yau.

Alhamis, 7 ga azumi, bayan la'asar

Kasuwa. Kwaɗo a kowace rumfa, tebura a kife. Mutane sun tafi amma warinsu bai tafi ba: layin 'yan daddawa yana nan da warinsa, na 'yan kifi da nasa, da ido rufe zan iya faɗin inda nake. Ban san layukan nan miƙaƙƙu ne ba. Daga wannan ƙofa ana hango waccan ƙofa, rana ta ratso ta ramukan kwano ta zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo har ƙarshen layi. Na daɗe a tsaye kafin na tuna abin da ya kawo ni.

Sai na ji bakina ya ce, "A ɗan matsa hagu." Wata mage ce kaɗai ta waiwayo.

Sabo ne. Ban iya ɗaukar hoton farko ba sai da mutum a gabana. A wurin biki, in Jamila ba ta wurin aiki, ita ke shiga cikin mata kafin a fito da amarya, ta tsaya daidai inda amarya za ta zauna, ni kuma in gwada haske a fuskarta. Baƙa ce sosai, in haske ya zauna a fuskarta to zai zauna a ta kowa. In ɗauki uku ko huɗu, in duba, in gyara, in goge su, sannan a fito da mai biki. Ko sabuwar kyamara na saya, a tsakar gida a kanta nake gwadawa. Takan ce ita ce amaryar da ta fi kowa yawan aure a Zamfara, kuma ko turmin atamfa ba a taɓa ba ta ba.

Juma'a, 8 ga azumi, azahar

Ladanin unguwarmu ya yi kira, ya ce kowa ya yi salla a gidansa. A wurin nan muryarsa ta karye, sai da ya maimaita. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an faɗi haka ba. Na ɗauki harabar masallaci: butoci a jere, babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa.

Lahadi, 10 ga azumi, bayan azahar

Jamila ta ce tana son ganin dutsen Kwatarkwashi da bakin titin Tsafe, inda kullum sai ta sa na tsaya mun sayi tsire. Hanyar nan dama ba a bin ta da sakin jiki, amma na tafi.

Daga Gusau har dutsen, mota biyu na gani. Na kashe babur a gindinsa. Sau ɗari na wuce dutsen nan ina kallon ramukan kwalta, yau na ɗaga kai. Allah mai iko. Shiru ya sa kamar ya ƙara tsawo, shaho biyu na yawo a samansa ba su ko kaɗa fiffike. Na ji ƙanƙantata sosai, kuma abin mamaki na ji daɗin hakan.

Gab da Tsafe na haɗu da shanu a kan kwalta, ba tsallakawa suke yi ba, tafiya suke yi a kanta a hankali, sun cika hannu biyu. Wani dattijo Bafulatani, Malam Isah, yana bayansu da sanda a kafaɗa. Muka gaisa daga nesa. Na ce yau titi ya zama nasu. Ya yi murmushi ya ce dama nasu ne, kakansa ya gaya masa burtali ne kafin a zuba masa baƙin nan, kuma shanun ba su manta ba. Na nemi izinin ɗaukarsa, ya ce in ɗauki shanun dai, sun fi shi kyau.

A Tsafe tukubar mai tsire ta yi sanyi, akuya na kwance a kai. Na kira ta daga wurin don in ba ta labari. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe. Ta ce ƙurar fanka ce.

Haske ya yi kyau yau. Ya yi kyau sosai.

Talata, 12 ga azumi, da safe

Sun ɗauki majinar Jamila sun aika gwaji. Sai sakamako ya dawo.

Juma'a, 15 ga azumi, la'asar

Hanatu, abokiyar aikinta, ta kira ni. An mayar da Jamila ɗaya ɓangaren ginin. Da ita ke ba da magani, yanzu ita ake ba. Na ce to. Na yi godiya, har na tambayi Hanatu yaya azumi.

Daga nan na tafi tasha. Motocin Funtuwa da na Sakkwato a jere kamar an yi musu layi da igiya, gilasai sun yi dusu-dusu, wani ya rubuta sunan Allah da yatsa a jikin ɗaya. Tashar da ko mai kiran fasinja ba ya jin muryar kansa. Na tafa hannu sau ɗaya don in gwada, ƙarar ta je ta dawo min. Na ɗauki hoto talatin da wani abu, ban san me nake nema ba.

Innarta da ke Bunguɗu ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Lahadi, 17 ga azumi, da hantsi

Magana na gajiyar da ita, yanzu rubutu muke yi. Yau ta rubuto:

"Mai hoto, ka lura kuwa? Dut hotunan ga da kaka turo min, akwai wuri guda da kab bari. Gefen hagu, daidai tsawona."

Na ce wasa take yi. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Lalan. Kasuwa. Harabar masallaci. Gindin dutse. Har cikin shanun Malam Isah akwai wani fili a hagu da babu saniya a cikinsa. A kowanne na karkatar da gari gefe na bar wurin tsayuwar mutum ɗaya, kuma a wurin na daidaita haske, ba a kan gini ko dutse ba. Wallahi ban san ina yi ba. Tsigar jikina ta tashi. Hannuna ya san abin da ni ban yarda na sani ba.

Na roƙe ta ta ɗauki kanta da waya ta turo min. Ta ce ba a cikin wannan hali ba, ba ta son in gan ta haka. Ta ce ai ina da hotonta ya fi dubu. Na ce haka ne.

Litinin, 18 ga azumi, bayan la'asar

Ruwan farko. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashi ledoji ta yi sama da su a kan titin da babu kowa. Kullum in ruwa ya sauko gudu ake yi, ana kwashe kaya, ana neman rumfa. Yau babu mai gudu. Ruwan ya sauka a kan gari shi kaɗai, ya wanke kwalta tas, ƙasa ta yi ƙamshi. Na rufe kyamara da rigata na tsaya a ciki har ya ɗauke.

Na tura mata. Ta amsa da kalma ɗaya: "Ƙamshi?" Na ce sosai.

Laraba, 20 ga azumi, azahar

Bunguɗu. Ba yadda zan yi, na tafi.

Inna Kulu surukata ce, tsakanina da ita kunya ce tun ran da aka ɗaura aure. Ban taɓa kallon idonta ba, ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. Jamila kuwa 'yar farinta ce, don haka ko sunanta ba ta faɗa. "Yarinyar ga" take cewa, ko "waccan ta gidanka". Ran da Jamila ta gama makarantar jinya gida ya cika da guɗa, Inna Kulu ta ce ita ba ta san abin da ake yi wa murna ba, ta shige ɗaki. Jamila ta ce min tun tasowarta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, haka aka yi wa ita Innar.

Na cire takalmi na durƙusa a ƙofar ɗaki, da takunkumi a fuskata, ita tana bayan labule. Muka gaisa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi azumi, na tambayi ruwan shekaranjiya, na tambayi awaki. Ta bar ni har na ƙare. Sannan ta ce ta ji a rediyo korona ta kama wasu ma'aikatan asibiti, kuma kwana shida yarinyar ba ta kira ta ba. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ƙaryar ta yi min nauyi. Sai na faɗa mata gaskiya, ina kallon tabarma.

Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati a hankali. Can ta ɗage labulen, abin da ba ta taɓa yi ba ina wurin.

"Malam, kai da kake mai hoto. Nuna min ita in gani."

Na ciro waya da sauri, na ji daɗi ma da ta nemi abin da nake da shi. Na fara ja. Amarya, amarya, mai suna, 'yan makaranta, amarya, wani Alhaji da sabuwar mota. Na ja har watan jiya, har bara. Na ce suna cikin kyamara, na buɗe kyamara, sai tituna.

Tana kallona. Ta gane kafin ni.

"Ba ka da hoton Jamila?"

Haka ta faɗa, da sunan. Sai ta sa hannu ta rufe bakinta, ta saki labulen.

Ban san yadda na dawo Gusau ba. Na san dai na tsaya a kan gada na ɗauki gulbi, don ban tura na yau ba.

Laraba ɗin dai, bayan shan ruwa

Na buɗe shago na rufe kaina a ciki. Na duba kwamfuta, na duba kowane katin ajiyar hoto, har waɗanda na jefa a gwangwani. Rabin matan Gusau suna nan da lallensu da gwalagwalansu. Ita babu. Kundin hotunan aurenmu ruwa ya cinye shi shekarar da kwano ya yi yoyo, na ce zan sake yin wasu, ban yi ba. Abin da na samu shi ne ɗan fasfo ɗaya a jikin wata takardar aiki, an buga masa hatimi a rabin fuska.

Babu wanda na ɗauka a duniya kamar ta. Shekara goma sha biyu tana tsaya min a gaban kyamara, tana murguɗa baki, tana gyara mayafi, wani lokaci tana dariya da gaske. Duk na gani, na ce haske ya yi, na goge da yatsana don in samu wurin matan mutane. Na gwaji ne, in ji ni.

Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro. Gara in rubuta shi yadda yake.

Alhamis, 21 ga azumi, da safe

Hoton gada bai shiga ba. Wayarta a kashe.

Juma'a, 22 ga azumi, la'asar

Hanatu ta ce an sa wa Jamila iskar taimakon numfashi, ba ta iya riƙe waya. Ta ce a yi addu'a. Na ce to, na yi godiya.

Na ɗauki layin dogo. Ciyawa ta fara tsirowa tsakanin ƙarafa, kwana huɗu kacal da ruwa. Na tura. Bai shiga ba.

Asabar, 23 ga azumi

Na tura. Ban duba hasken ba.

Litinin, 25 ga azumi, da hantsi

Yau na ce bari in ɗauki hoto cikakke, wanda babu fili a hagu, in ga ko zan iya. Na tsaya a titin da ya bi ta Tudun Wada, na cika hoton da gini da bishiya da turken wuta. Na iya. Da na duba shi sai na ga garin da ba a bar mata wuri ba. Yatsana ya je kan wurin gogewa da kansa, na janye shi. Na daina goge komai.

Ina nan tsaye sai ga makara daga ƙarshen titi. Mutum shida ne, huɗu na ɗauke da ita, biyu na baya, duk da takunkumi. A Gusau, inda ko baƙo ya rasu sai titi ya cika. Babu abin da ake ji sai takun ƙafarsu. Hasken ya yi kyau irin wanda mai hoto ke jira shekara bai samu ba. Na sauke kyamara na sa a jaka, na bi bayansu daga ɗan nesa har maƙabarta. Ban tambayi ko wane ne ba, su ma ba su tambaye ni ba. Da aka gama wani dattijo a cikinsu ya ɗaga min hannu ya ce Allah ya ba da lada, mun zama bakwai.

Da na dawo na ɗauki ƙofar gidanmu, na bar filin a hagu. Wannan karon da sanina na bar shi.

Talata, 26 ga azumi

Bai shiga ba. Inna Kulu ta kira, na ɗauka. Ba mu ce komai ba sai gaisuwa.

Laraba, 27 ga azumi, bayan azahar

Ina alwala wayar ta yi ƙara. Sun shiga. Duka bakwai, lokaci guda.

Na zauna a kan turmi ina kallon wayar, ruwa na ɗiga daga gemuna. An buɗe na farko. An buɗe na biyu. Sai na ga ana rubutu, a tsaya, a ci gaba, a tsaya. Ya fi minti goma. Abin da ya zo shi ne:

"Hoton gadar ga ya karkace, Mai hoto. Mi as same ka?"

Na yi sujada a nan tsakar gida, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kuma duba hoton. Gaskiyarta, ya karkace.

Lahadi, ranar salla, da yamma

An sassauta dokar hana fita, mutane sun fara fitowa. Yara da sababbin kaya, babura, oda. Na yi murna, amma akwai wani ɗan wuri a zuciyata da ya yi kewar shirun nan, kuma na ji kunyar hakan. Ni na ga Gusau yadda babu wanda ya gan ta, ban kuma fatan a sake ganinta haka.

An cire wa Jamila iska. Ta ci tuwo loma biyar, Hanatu ta ƙirga.

Alhamis, 5 ga watan salla, la'asar

An sallame ta da hantsi. Ta fito a hankali tana dafa bango, hijabinta ya yi mata yawa. Na shirya maganganu tun jiya, da na gan ta abin da na iya cewa shi ne sannu. Ta ce in rufe baki kar ƙuda ya shiga.

Na ɗauko mana keke mai ƙafa uku. Da muka zo Lalan na ce mai keke ya tsaya. Wurin ya koma yadda yake, hayaƙi da oda da masu talla. Na roƙe ta ta sauko minti ɗaya. Na faɗa mata komai a nan bakin titi, zuwana Bunguɗu da abin da na nema a shago ban samu ba. Na zaci za ta yi mamaki. Ta ce ta daɗe da sani, tana kallon yatsana duk lokacin da nake gogewa, tana jira ne ta ga ranar da zan lura.

Ban nuna mata inda za ta tsaya ba. Da kanta ta je gefen hagu, ta gyara mayafi, ta sauke takunkumi zuwa haɓa.

"Wanga na gwaji na, ko na gaske?"

"Na gaske ne."

"To bari in yi fuskar amarya."

Ba ta iya ba, dariya ta ƙwace mata, da ɗan sauran tari a ƙarshenta. A nan na ɗauka. Wani ɗan acaɓa ya zage ni don na tare hanya, na ce masa na gode.

Asabar, 7 ga watan salla, da hantsi

Na wanke guda uku. Ɗaya na bango, ɗaya na aljihuna, ɗaya na kai Bunguɗu. Jamila ba ta yi ƙarfin hawa babur ba tukuna, ni kaɗai na je.

Na cire takalmi na durƙusa inda na durƙusa rannan. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tura hoton ta ƙarƙashin labule. Ina jin awaki na cin dusa a bayan ɗaki. Iska ta ɗan ɗaga labulen, ban yi niyyar kallo ba amma na gani: ta riƙe shi da hannu biyu kusa da fuskarta, tana shafa shi da babban yatsa.

Sai ta gyara murya ta ce, "Yarinyar ga ta rame. A riƙa ba ta hura da nono." Ta ɗaga matashin kai ta sa hoton a ƙarƙashi, ta tambaye ni ko an yi ruwa a Gusau.

Yarinyar ga. Ban taɓa jin daɗin kalma biyu kamar waɗannan ba. Abu ɗaya ne ban faɗa wa Jamila ba a Lalan, abin da na ji daga bakin uwarta ran Laraban nan, kuma ba zan faɗa ba, na Inna ne.

Hoton kuwa, in don ta aiki ne, bai yi ba. Rana na bayanta, haske ya yi yawa a dama, ga hannun ɗan acaɓa ya shigo ta gefe. Ban goge ba.